Safewards ko Dabaru Shida: wanne za a fara kawowa sashen masu taɓin hankali?

Duk nas ɗin da ya daɗe a sashen masu taɓin hankali ya san yanda sabon tsari yake shigowa. A tura mutum biyu ko uku bita, su dawo da jaka da satifiket, a kira miting, a manna takarda a bango kusa da rosta, a yi sati uku ana ta ambaton abun, daga nan kowa ya koma yanda ya saba. Sai a ce wai ma'aikata ne ba sa son canji. Ni dai ban yarda da wannan ba, sau da yawa tsarin ne aka ɗora wa wanda ba shi da ikon ɗaukarsa, abun da sai shugaban asibiti ya sa hannu a miƙa wa incajin wod a ce ta aiwatar, ko kuma abun da nas biyu za su iya farawa gobe da safe a tsaya jiran kwamiti ya zauna a kai.

Shi ya sa nake so in ajiye manyan tsare-tsare biyu da aka fi magana a kansu gefe da gefe, Safewards da kuma Six Core Strategies wanda zan riƙa kira Dabaru Shida, saboda duk wanda aka ce ya kawo gyara a wod ɗinsa kusan ɗayan biyun nan zai ci karo da shi. Akwai wasu ƙanana guda biyu da zan taɓo a gaba, amma waɗannan su ne manyan.

Abun da dukkansu suke nema ɗaya ne. A rage rigima a wod, wato duka da zagi da fasa kaya da guduwa da mutum ya ji wa kansa ciwo da ƙin shan magani, sannan a rage abun da mu ma'aikata muke mayarwa da shi, danne majinyaci, ɗaure shi, kulle shi a ɗaki shi kaɗai, allurar dole, sa masa ido ba dare ba rana. Kuma maganar ba ta wasa ba ce, a 1998 wata jarida a Amurka mai suna Hartford Courant ta bi diddigi ta ƙirga mutum 142 da suka mutu cikin shekara goma a lokacin da ake danne su ko aka killace su ko jim kaɗan bayan haka, wannan rahoton yana cikin abubuwan da suka tayar da hukumomin can tsaye. A Ingila ma mutuwar Olaseni Lewis a 2010, bayan 'yan sanda sun danne shi a cikin asibitin ƙwaƙwalwa, ita ta kai ga dokar 2018 da ta tilasta wa asibitocin rubuta duk wani amfani da ƙarfi da aka yi a kan majinyaci.

To bari in fara da Safewards don shi ne na nas-nas. Wanda ya jagoranci ƙirƙiro shi, Farfesa Len Bowers na King's College a Landan, shi kansa nas ɗin ƙwaƙwalwa ne, kuma kana karanta tsarin za ka ji cewa wanda ya rubuta ya taɓa tsayawa duti. Tunaninsa shi ne rigima ba daga ciwon majinyaci kaɗai take tasowa ba, tana tasowa daga yanda ma'aikata suke, da yanda ginin yake, da abun da ke faruwa a gida, da zaman majinyata a tsakaninsu, da dokokin da aka kwantar da mutum a kansu, kuma akwai wasu 'yan lokuta da wuta take kamawa, kamar lokacin da aka ce wa mutum a'a, ko aka ce ya jira, ko aka gaya masa labari mara daɗi. In ka gyara yanda kake bi da waɗannan lokutan, wani ɓangare na faɗan ma ba zai taso ba. Sai suka fitar da abubuwa goma ƙanana.

Wanda na fi so a cikinsu shi ne na handoba. Kowa ya san yanda muke miƙa aiki, "gado na bakwai tun safe yake damun mu, ya ƙi magani, ya zagi sista, ku yi hankali da shi", shikenan an wuce na takwas. Nas ɗin da ta shigo da yamma ba ta ko ga fuskarsa ba amma ta riga ta ɗaure fuska, in ta je gunsa da kofin magani muryarta ma daban take, shi kuma yana ji, sai a ɗora daga inda aka tsaya. Safewards cewa ya yi duk wanda za ka faɗi matsalarsa to ka haɗa da abu ɗaya mai kyau da ya yi, kuma ka faɗi abun da kake ganin ya jawo halin. Sai ya koma "ya ƙi maganin safe, ina ga saboda jiya ya ce yana sa hannunsa rawa kuma ba wanda ya duba, ya ɗaga wa sista murya amma daga baya da kansa ya taya na gado tara gyara shimfiɗa." Daƙiƙa nawa aka ƙara? Ba su kai ashirin ba. Amma mai karɓar aiki yanzu ta san me za ta fara tambayarsa, kuma ta san akwai maganar da za a kai wa likita.

Na biyu da yake da amfani sosai shi ne shirya wa labari mara daɗi tun kafin ya iso. Likita zai zagaya yau kuma kin san zai ce wa wane ba sallama sai wani satin, ko 'yan uwansa sun yi alƙawarin zuwa ba su zo ba, ko matarsa ta aiko da saƙon da ba zai masa daɗi ba. A da sai dai a bar shi ya fito daga ɗakin likita ya harbi ƙofa sannan a ruga. A wannan tsarin tun a handoba ake tambaya, yau wa zai ji abun da ba ya so? Sai a ware wanda zai tare shi, ya ja shi gefe, ya zauna da shi minti goma ya bar shi ya fitar da abun da ke ransa. Sauran sun haɗa da rubuta ƙa'idojin zama tare da majinyata, ba ma'aikata su rubuta su kafa ba, har da abun da su majinyatan suke tsammani daga gare mu, da tausasa lafazi lokacin da za ka hana mutum abu, da koyon lallashi mataki-mataki in mutum ya harzuƙa, da ɗan taron da majinyata suke yi don taimakon juna, da akwatin kayan kwantar da hankali da za a miƙa kafin a kai ga maganin barci, da zagayawa a kwantar wa kowa hankali bayan wani abu ya faru a wod, da saƙonnin da waɗanda aka sallama suke bari don sabbin zuwa, da kuma wata folda da ma'aikata da majinyata suke rubuta ɗan abu game da kansu don a san juna.

An gwada shi kuwa. A 2015 aka buga sakamakon gwajin da aka yi a wod 31 na asibitoci 15 a Ingila, an raba su ta hanyar ƙuri'a, wasu suka yi Safewards wasu aka ba su wani shiri na kula da lafiyar jikin ma'aikata don a kwatanta. Rigima ta ragu da kashi 15 cikin ɗari, matakan ƙarfi kuma da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Abun da ya kamata a sani, wanda masu tallata shi ba su cika faɗa ba, shi ne wod ɗin da aka ce su yi ma ba su yi ko rabin abun yanda aka tsara ba, kuma fom da yawa na ƙarshen shif ba su dawo hannun masu binciken ba. Wasu suna kallon wannan su ce sakamakon ba shi da ƙarfi. Ni kuma ta ɗaya gefen nake kallo, in rabin aiki ya ba da wannan to abun yana jure sakaci, kuma wod na gaskiya ai cike yake da sakaci. Jihar Biktoriya a Ostireliya ta ɗauke shi daga baya, a can ma an ga kulle majinyata ya ragu da kamar kashi ɗaya cikin uku bayan shekara. Kayan koyarwarsa kyauta ne a intanet, an kuma fassara su zuwa harsuna da dama.

Dabaru Shida kuwa daga Amurka ya fito, wajen 2004, Kevin Huckshorn ce ta jagoranta a ƙarƙashin ƙungiyar daraktocin lafiyar ƙwaƙwalwa na jihohi, ita ma nas ce. Amma shi ba da nas ɗin da ke kan duti yake fara magana ba, da ofishin sama yake farawa. Dabara ta farko shugabanci ce, shugaban asibiti ya fito ya ce rage ɗaurewa da killacewa aikinsa ne shi da kansa, a rubuta tsari, kuma duk lokacin da aka danne mutum ko ƙarfe biyun dare ne a sanar da wani babba. Ta biyu lissafi, kowane wod a san sau nawa, awa nawa, wane shif, wace rana, kuma a kafa alƙaluman kowa ya gani. Ta uku horar da ma'aikata tun daga ɗauka aiki. Ta huɗu kayan rigakafi, kamar tambayar majinyaci tun ranar kwantarwa me ke tayar masa da hankali, me ke kwantar masa, an taɓa cin zarafinsa, da ware ɗakin da mutum zai shiga ya huce da ƙafarsa ba a tura shi ba. Ta biyar shigo da waɗanda suka taɓa jinya da iyalansu cikin kwamitoci har ma a ɗauke su aiki. Ta shida zaman bita bayan kowane lamari, ɗaya nan take ɗaya kuma bayan kwana ɗaya ko biyu, a zauna har da majinyacin a warware me ya faru tun daga farko.

Wannan ta shidan ita ce zuciyar abun kuma ita ce ta fi saurin lalacewa. In an yi ta daidai tambayoyin su ne, ƙarfe nawa aka fara ganin alama, wa ya gani, me aka gwada, wace doka ce ta wod ta jawo gardamar, dokar ma tana da amfani kuwa? Sau da yawa sai a gano duk tashin hankalin a kan cajar waya ne, ko an hana mutum fita shan iska saboda agogo ya wuce da minti biyar. In kuma an yi ta a asibitin da aka saba neman mai laifi, to zaman yana komawa kotu, oga yana tambaya "wa ya ba da umarni?", nas tana kare kanta, kuma daga ranar kowa ya koyi darasi ɗaya, kar ka rubuta. Alƙaluma su yi kyau a takarda, a ƙasa kuma ba abun da ya canza.

Shi ma yana da hujja. A Finlan an gwada shi a asibitin Niuvanniemi, wod masu tsaro sosai na maza masu ciwo mai tsanani da tarihin tashin hankali, aka buga a 2013, kwanakin da ake killace mutum ko ɗaure shi ko tsare shi a ɗaki suka sauko daga kashi 30 zuwa 15 a wod ɗin da suka yi tsarin, sauran kuma daga 25 zuwa 19, kuma duka bai ƙaru ba, wanda shi ne abun da kowace nas take tsoro in aka ce a rage ɗaurewa. Wod huɗu ne kawai dai, ba yawa. A arewa maso yammacin Ingila an gyara shi ya dace da su aka sa masa suna REsTRAIN YOURSELF, danne majinyata ya ragu da kusan kashi 22.

Yanzu ga inda zaɓin yake. Tambayar farko ba wanne ya fi kyau ba ce, kai waye a asibitin? In ke incajin wod ce ko metron mai kula da sashe ɗaya, Dabaru Shida ya fi ƙarfinki, ba raini ba, ba ki da ikon sa shugaban asibiti ya ɗaga waya da dare, ba ki da ikon ɗaukar tsohon majinyaci aiki, ba ke ke canza takardar ɗaukar ma'aikata ba. Za ki iya ɗaukar guntunsa, amma guntun Dabaru Shida ba tare da na sama ba yawanci fom ne kawai ya ƙaru. Safewards kuma za ki iya farawa ranar Litinin ba tare da kin nemi sa hannun kowa ba, handoba a hannunki yake. In kuma kai ne shugaban ma'aikatan jinya na asibitin gaba ɗaya ko kana cikin hukumar gudanarwa, to ka sani Safewards ba ya tambayarka komai, kuma wannan shi ne rauninsa, za ka iya yaba shi a taro ka ɗauki hoto da bishiyar saƙonnin sallama da aka zana a bango alhali ba ka ƙara ma'aikaci ko ɗaya ba, ba ka gyara makullin da ya lalace ba. Dabaru Shida shi yake sa ka a gaba.

Sai maganar lokaci da hannu. Safewards yana cin mintuna ne a warwatse, nan biyu can goma, abun da ya fi ci shi ne taron majinyata da shirya allo da folda a farko. Dabaru Shida yana cin awanni a dunƙule, zaman bita ɗaya mai kyau zai iya cin awa guda kuma sai an tattaro waɗanda suke duti ranar, wani yana hutun bayan nait, wata ta tafi hutun haihuwa, likitan yana kilinik, ga wanda zai zauna ya shigar da alƙaluma a kwamfuta duk sati. Asibitin da ba shi da rajistar da ake rubuta ɗaurewa a ciki da lokacin farawa da lokacin kwancewa, to bai ma kai bakin ƙofar Dabaru Shida ba tukuna, rajistar zai fara buɗewa.

Ta fuskar yanda ma'aikata suke karɓa kuwa kowanne da irin tsaminsa. Safewards manyan nas-nas ne suke jin haushinsa, mace ta yi shekara ashirin da wani abu tana lallashin majinyata sai ga yarinya ta dawo daga bita ta manna mata takarda a ofis wai ga yanda ake magana da taushi. "Ai mun daɗe muna yi" ita ce amsar da za ka fara ji, kuma gaskiya suka faɗa, wasunsu suna yi, matsalar ita ce ba kowa ba kuma ba kullum ba. Maganin wannan ba gardama ba ce, a ba ita babbar riƙon ɓangaren lallashi, ta koyar da nata salon, ita za ta fi kowa kare shi. Foldar sanin juna ma tana jawo ƙorafi, akwai waɗanda ba sa son majinyaci ya san komai nasu, musamman mata a wod ɗin maza, kuma suna da hujja, kar a tilasta, mutum ya rubuta ƙungiyar ƙwallon da yake goyon baya ya tsaya nan ya isa. Sannan abubuwa da yawa nasa rubutu ne a bango, in yawancin majinyatanku ba sa karatu ko suna cikin ruɗewa sosai sai an mayar da su magana da zane, in ba haka ba ado ne kawai.

Dabaru Shida kuma tsoro yake tayarwa. Abun da nas take ji in aka ce za a rage ɗaurewa shi ne za a karɓe mata abun kare kanta a bar ta da mutum mai ƙarfin mutum uku da tsakar dare, ita da mataimaki ɗaya. Wannan tsoron ba a kore shi da jawabi, duk wanda aka taɓa shaƙe wa wuya a koridon wod ba zai saurari alƙaluman Finlan ba. Sai an nuna mata ƙararrawar neman agaji tana aiki, kuma in ta danna mutane suna zuwa, sai an nuna cewa in aka ji mata ciwo asibiti zai tsaya mata, sannan za ta yarda ta ƙara minti biyar tana magana kafin ta kira a danne. Shugabannin da suka tsallake wannan suka tafi kai tsaye ga "daga yau ba ma son ganin lamba ta wuce kaza", abun da suke samu shi ne gudun gara a faɗa gidan zago, ɗaurewa ta ragu allurar barci ta ninka, wod ya yi tsit kowa yana kwance yana zubar da yawu, a rubuta an samu nasara.

Irin wod ɗin ma yana da tasiri. Safewards an gina shi ne a kan wod na manya masu shigowa da ciwo sabo, inda ake kwana kaɗan a fita, sabbin fuska kullum, kuma yawancin rigimar daga ƙananan gogayya take. An kai shi wod na yara da tsofaffi da na majinyatan da ke da shari'a a kansu, amma sakamakon can gauraye ne, wani wuri ya yi wani wuri shiru. Inda mutane suke shekaru kuma killacewa ta zama al'adar gidan, mutum ɗaya ya yi makonni a kulle, to can matsalar ba lafazi ba ce, tsari ne, kuma Dabaru Shida ya fi kama wurin.

Ƙananan biyun da na ce zan taɓo. Na farko Brøset, wata 'yar takardar dubawa daga ƙasar Nowe, abu shida ake kallo a jikin majinyaci, ruɗewa, saurin fushi, hayaniya, barazana da baki, barazana da jiki, da dukan kaya, kowanne in akwai a ba shi 1 in babu 0. Sifili haɗari kaɗan, 1 zuwa 2 matsakaici, daga 3 zuwa sama a tashi tsaye, kuma awa 24 masu zuwa take hasashe. Ba ta cin minti biyu. A Suwizalan an gwada irin wannan dubawar a kwanakin farko na kwanciya, aka buga a 2008, munanan hare-hare suka ragu da kashi 41, matakan tilas da kashi 27. Tana shiga cikin kowanne daga manyan biyun ba tare da rikici ba, sharaɗin kawai lambar ta jawo aiki, in an rubuta 3 to a faɗa a handoba me za a yi, wa zai zauna da shi, a rage masa hayaniya, a duba maganinsa, in ba haka ba ta zama wani layin da ake cikewa ƙarfe shida na safe da biro ɗaya. Na biyu QualityRights na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya tsaya a kan yarjejeniyar haƙƙin masu buƙata ta musamman ta 2006, akwai horonsa a intanet kyauta. Yana canza yanda mutum yake kallon majinyaci sosai, amma ba zai gaya maka me za ka yi ƙarfe tara na dare ba, don haka ni a gefe nake ajiye shi, abokin tafiya ne ba madadi ba.

Ko wanne aka zaɓa akwai zaɓi na biyu a ciki, a yi wa duk asibiti lokaci ɗaya ko a fara da wod ɗaya. Masu son lokaci ɗaya suna da hujja, ana juya ma'aikata tsakanin wod, in nan ana yi can ba a yi sai abun ya narke. Dabaru Shida dama haka yake so tunda daga sama yake saukowa. Amma Safewards ni ban ga amfanin zuba goman gaba ɗaya ba, a ɗauki biyu ko uku, a ba kowanne mai riƙo, a yi wata biyu sai sun zauna sannan a ƙara. Kuma mai riƙon kar ya zama mutum ɗaya, wannan ita ce hanyar da tsare-tsare suka fi mutuwa, a ɗora komai kan nas ɗaya mai zafin nama, a yi mata canjin wurin aiki, shikenan an rufe babin. A sa biyu, ɗaya cikinsu lallai mai yawan yin nait, saboda duk bitar da ake yi da rana ake yi, masu dare labari kawai suke ji alhali su ne suke da ƙarancin hannu kuma ba likita kusa. Haka mataimakan nas da masu gadi da masu shara, su ne suka fi kowa zama kusa da majinyata, su ne ake kira in za a danne mutum, amma da wuya ka gan su a jerin sunayen masu zuwa horo. Wannan ba ƙaramin kuskure ba ne.

To in aka matsa min in zaɓa. Wod ɗaya, incaji mai niyya, hukuma ba ta hana ba amma ba ta damu ba, Safewards, a fara da handoba da shirin labari mara daɗi, a haɗa da Brøset. Asibitin da wani mummunan abu ya faru, ko masu sa ido suka taso shi a gaba, kuma shugaban ya yarda a tashe shi da dare, Dabaru Shida, sannan a ba wod-wod Safewards ya zama abun da hannunsu zai riƙa yi yau da gobe, don biyun ba kishiyoyi ba ne, wurare da yawa suna haɗa su. Abun da ba zan ba da shawara ba shi ne a sanar da Dabaru Shida da baki a bar wa nas-nas fom ɗinsa, gara ma ba a fara ba. In kuma nas ɗaya ce take kwana da majinyata arba'in, ba zan ce kar a yi komai ba, handoba mai kyau ba ya buƙatar ƙarin ma'aikaci, amma kar wani ya yi alƙawarin kashi 15 ko 25 a irin wannan yanayin, kuma kar a bar tsarin ya zama hujjar ƙin ɗaukar ma'aikata.

Kafin a taɓa komai dai a yi wata biyu ko uku ana ƙirgawa kawai, a takarda ɗaya da ake cikewa ƙarshen kowane shif, sau nawa aka danne, sau nawa aka ɗaure ko aka kulle da tsawon lokacin, allurar dole nawa, maganin kwantarwa na ƙari nawa aka bayar, ma'aikaci nawa aka ji wa ciwo, majinyaci nawa. Layin allura da na raunin ma'aikata su ne waɗanda aka fi mantawa, kuma su ne za su nuna ko an rage matsalar ko an canza mata wuri ne. A kuma gaya wa kowa tun farko cewa watannin farko lambobin za su iya hawa, saboda an fara rubuta abun da a da ba a rubutawa, kar oga ya gani ya ce tsarin ne ya ƙara rigima ya soke shi a wata na biyu.